"An turo mini": maganar da na yi gaban matasan fada a Maraɗi

Na ga shayin farko bai sauka ba tukuna, zan yi ƙoƙari in gama kafin a kai na uku.

An ce in yi magana kan yadda TikTok da Facebook suke ɓata tarbiyya. Wannan malamai suna yin ta kullum, kuma sun fi ni iyawa. Ni kan kalmomi uku zan tsaya, waɗanda kowa a nan ya taɓa fakewa da su: "an turo mini". Kuma da laifin kaina zan fara.

Wani dare, bayan isha'i, bidiyo ya faɗo gurup ɗin unguwarmu na WhatsApp. Bai kai rabin minti ba. Ɗan kabu-kabu ne, ga yaro a gabansa bisa tanki yana kuka yana fizge-fizge. Sai saƙon muryar wata mata ya biyo baya, tana rantsuwa cewa wannan shi ne mai satar yaran da ake faɗi. Fuskarsa ta fito sarai. Ni da na yi jami'a, ni da nake yi wa mutane surutu kan bincike, ban yi minti biyu ba na tura shi gurup uku: na dangi, na abokan karatu, da na ƴan ƙwallo. Na rubuta a ƙasa, "Allahu a'alamu, amma a yi hattara." A zatona wannan jimlar ta wanke ni.

Washegari gaskiya ta fito. Yaron ɗan wansa ne, zazzaɓi yake, za a kai shi allura, shi kuwa ya san inda aka nufa, shi ya sa yake kuka. Mai unguwa ya yi saƙon murya ya gyara magana. To, amma wa ya saurara? Ni kaina gurup ɗaya na tura gyaran, kunya ta hana ni sauran biyun. Mutumin nan yana da gidajen da yake kai wa yara lakwal a biya shi a wata, duk suka janye. Babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗin yini. Kafin wata ya ƙare ya bar unguwar.

Shi da ransa ya fita. A Indiya, a 2018, irin wannan jita-jitar ta satar yara ta ci rayuka. Ranar 1 ga Yuli, a wani ƙauye da ake kira Rainpada, jama'a suka kashe baƙi 5 da duka. Ɗaya daga cikin bidiyon da suka yi ta yawo a ƙasar yana nuna mutum biyu bisa babur sun sure yaro. Ashe fim ne na faɗakarwa da aka shirya a Pakistan don iyaye su lura da ƴaƴansu, sai wani ya yanke ƙarshensa, inda ake maido yaron. Bayan kashe-kashen nan ne WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda, da farko a Indiya, sannan duniya duka a 2019. A 2020 ya ƙara matsewa: saƙon da ya sha yawo, mai kibiya biyu a sama, wuri ɗaya kawai za ka iya tura shi a lokaci guda. Ku duba wayoyinku, za ku ga alamar. Amma gurup ɗaya yanzu yana ɗaukar mutum 1024. Ku yi lissafin biyar da kanku.

A TikTok kuwa abin ya fi haka wayo. Na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna maka ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da take ƙirgawa shi ne tsawon lokacin da ka tsaya, ko ka sake kallo, ko ka yi sharhi, ko ka tura. Wato kai da ka shiga ka rubuta "Allah wadai", ka ƙara wa bidiyon ƙafa, da megarka kuma, da ka saya da kuɗin cefane. Masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun bi labaran Twitter na shekaru, suka fitar da sakamako a 2018: ƙarya tana isa ga mutum 1,500 cikin sauri kusan ninki 6 na gaskiya, kuma mutane ne suka fi yaɗa ta, ba na'urori ba. Mu kenan. Mun ga haka da idonmu bayan 26 ga Yuli 2023, da aka riƙa turo tsofaffin bidiyon wasu ƙasashe ana cewa yanzu-yanzu aka ɗauka a Yamai.

Kada wani ya fita nan ya ce na ce a yi shiru. Na tuna kwana 10 da aka yanke intanet ɗin salula bayan zaɓen Fabrairun 2021, yadda ƴan kasuwa da ɗalibai da masu ƴan uwa a waje suka rasa yadda za su yi. Kuma a damanar 2024, da ruwa ya ci gidaje a nan Maraɗi, da tsohon masallacin Birni ya rushe a Damagaram, wayar talaka ce ta fara nuna wa duniya. Kayan aiki ne mai albarka, ba na son a ƙwace mana shi.

Amma ku san inda doka ta tsaya. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi. A 2022 aka cire ɗaurin, a watan Yunin 2024 aka maido shi. A ganina doka irin wannan ta fi saurin tashi idan babba aka taɓa. Ɗan kabu-kabun nan wa zai kai ƙara? Matar da ta yi saƙon, da ba wanda ya san ta? Ko mu ɗaruruwa da muka tura? Kuma duk ranar da muka yaɗa ƙarya, mun miƙa hujja ga mai neman toshe bakin kowa.

Yanzu in an turo mini abu, tambaya ɗaya nake fara yi wa mai turowa: "Kai ka ɗauka?" Wallahi da wuya ka ji e. Sai ka ji wani ne ya turo, shi ma wani ya turo masa. Daga nan in duba lambar motoci, da harshen da ake yi a bayan fage, da ko damana ce ko rani. In hoto ne, Google Lens kan nuna inda ya taɓa fitowa. In kuma fuskar wani bawan Allah ce da ake tuhuma, ba na turawa ko da na yarda gaskiya ne, sai in kira mai unguwa ko a sanar da ƴan sanda. Rannan gwaggota ta yi fushi da na tambaye ta a gurup ɗin dangi, ta ce, "Yanzu ni za ka ƙaryata?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba ke ba, wanda ya turo miki." Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Watannin baya na haɗu da mutumin a bakin tasha, yana tura amalanke. Bai san ni ba. Na tsaya na faɗa masa ina cikin waɗanda suka tura, na roƙe shi gafara. Ya dube ni ya ce, "Ba komai, malam, Allah ya yafe mana." Har na juya, sai ya kira ni ya tambaya ko bidiyon yana nan a wayata, wai yana so ya gani, don har ranar shi bai taɓa ganinsa ba.