Ran Inji Wuƙarsa: Kira ga 'Yan Jibiya Mazauna Birane

Iyayenmu da 'yan'uwa, rufe iyakar Magama a 2019 da 2023 ya nuna mana haɗarin dogaron matasanmu da dako kaɗai. Daddatsa karan dawa da inji sana'a ce, domin da rani dabbobi na neman abinci. Amma ran inji wuƙarsa. A kashe inji kafin a kwance ta. A wasa ta ana zuba ruwa, kada ƙarfen ya ƙone ya yi laushi. A wasa wuƙaƙen duka daidai, domin rinjayen nauyi ke cin boris. A daidaita tazara, a ɗaure noti tamau. Ku taimaka mu sami dutsen washi da mai koyarwa.