Tambayoyin da yaranmu suke haɗiyewa a ajin fizik



An ce in yi magana kan abin da ya sa yara ke gudun seri C da D. Ni dai zan fara da tambayoyin da yaran kansu suke kawo mini bayan an tashi, a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, saboda a cikin aji suna tsoron a yi musu dariya.

Wadda ta fi yawa: "Mushe, me ya sa ruwan randa yake sanyi, alhali ba ƙanƙara ba lantarki?" To, wannan fa ita ce zuciyar darasin zafi gaba ɗaya. Randa tana tsatsafo. Ruwan da ya fito jikinta yana bin iska, kuma ba ya tashi kyauta, sai ya ɗebi zafi daga ruwan da ke ciki. Kilo guda na ruwa yana cin kusan kilojul 2,400 kafin ya zama tururi, amma kilojul 4 da ɗoriya sun isa su sauya zafinsa da digiri ɗaya. Ku lissafa: giram 100 kacal ya tashi daga lita 10, sauran ya sauka da digiri kusan 6, in ba wani zafin ya shigo ba. Shi ya sa da hunturu ruwan randa har haƙori yake kamawa, da damina kuwa, iska ta riga ta ƙoshi da laima, sai randar ta yi lalaci. Iyayenmu mata sun san haka tun kafin mu. Yaron kuma ya haddace formil ɗin da Faransanci, ya zuba a takarda, ya ci maki, bai taɓa sanin maganar randar gidansu ake yi ba.

Wani ya ce in an buɗe firigo ɗaki zai yi sanyi? A'a. Zafin da ya kwasa daga ciki ta baya yake zubar da shi, har da ƙarin na injin.

Wadda ta fi damuna ita ce ta birki. Ɗan kabu-kabu da ke gudun kilomita 30 ya ƙara zuwa 60, ya ɗauka tazarar tsayawarsa ta ninka biyu. Huɗu ta ninka, jama'a, domin ƙarfin gudu da murabba'in sauri yake tafiya. Rabin v kare sau m ɗin nan da muke rubutawa a allo ke nan. Ƙannenmu nawa ke kan moto yau ba wanda ya gaya musu wannan da Hausa?

Kar kuma wani ya ce ilimin Turawa ne. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Malamin fizik ne, ya shugabanci ONERSOL, ya yi shekaru yana ƙera abin dafa ruwa da zafin rana.

Na san lise da yawa ba laboratuwar, kuma za mu ci gaba da neman ta wajen hukuma. Amma randa, guga, igiya da tarmometa ɗaya ba su fi ƙarfinmu ba. Abin da nake roƙon ƙungiya: awa biyu kowace Asabar, a bar yara su yi tambaya da harshen da suka ga dama. Malamin da zai iya zuwa ya rubuta sunansa kafin ya fita. Randa ni zan kawo.