A Cire Yaron Ko A Bar Shi?



Kusan kowannenmu a zauren nan yana da ƙane ko ƙanwa a makarantar sakandare. Idan sakamako ya fito babu daɗi, mu iyaye suke kira su ce, "Ku da kuka yi boko, a cire yaron nan ko a bar shi?" Sau da yawa mukan amsa da garaje, alhali kuwa amsar tana iya jawo wa yaro asarar shekara guda, ko ma ta karatunsa duka.

Da farko sai mu gano inda ciwon yake. Tun da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka yi wa azuzuwa da malamai yawa, kuma har yau akwai masu shiga sakandare ba su iya karatu sosai ba. Irin wannan yaro, duk inda aka kai shi ciwonsa na biye da shi. Mu zaunar da shi ya karanta mana shafi ɗaya a fili, ya yi lissafi biyu ko uku. Sa'an nan mu je makarantar ranar aiki ba tare da sanarwa ba, domin gani ya kori ji. Akwai malamin Lissafi da na Ingilishi? Yaushe rabon da a duba littafin aikin yaron? Ana buɗe ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa?

In ta tabbata laifin makaranta ne, sai mu dubi lokaci. Tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, ya raba sakandare gida biyu, shekara uku ƙarama, shekara uku babba, kuma rabon nan yana nan. Ƙarshen aji uku shi ne mararraba, nan ne sauyi ya fi sauƙi. A wannan gaɓa ce makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, suke ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawa. Amma wanda ya kai aji biyar ko shida sai an yi hattara. Hukumar WAEC tana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na sakamako daga makin da makaranta ta tara wa ɗalibi, sabuwar makarantar kuma tana iya mayar da shi baya. A nan darasin yamma kan darussan da yake da rauni ya fi sauyi amfani. Sai fa idan ana cin zarafinsa, ko ya faɗa cikin 'yan shaye-shaye: wannan ba ya jiran ƙarshen zango.

Mu kuma lura da inda za mu kai shi. Akwai makarantun da suke alfahari cewa kowane ɗalibinsu yana samun kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi. Wasu da guminsu suka samu, wasu kuwa amsa ake rubuta wa yara a allo. In asiri ya tonu, hukuma tana iya soke sakamakon. In bai tonu ba, ga jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, ga kuma ajin farko na jami'a, inda dukanmu mun ga masu takardun ƙarya suna komawa gida.

Kada mu manta da aljihu. Mu lissafa kuɗin makaranta da na mota da na littattafai har zuwa gamawa, domin cire yaro sau biyu ya fi barinsa muni. Yarinya kuwa, nisan makaranta kaɗai yana iya sa a ce ta zauna gida. Mu ji ta bakin yaran ma, su ne masu zaman ajin.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, idan duk mai bakin magana ya janye nasa, wa zai tsaya wa 'ya'yan talakawan da suka rage? Ko mun cire namu ko mun bar shi, mu riƙa zuwa taron iyaye da malamai, mu kai kuka ga hukumar ilmi a rubuce, mu ba da makonni biyu na hutunmu mu koyar a makarantun da suka rene mu.

Allah ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.