Zoɓo, Randa da Inuwar Sanda: Kimiyyar Yara a Tsakar Gida

Laccar da aka gabatar ga malaman makaranta da iyayen yara a unguwar Wadata, Yamai

 

An ce in yi magana kan koya wa ƙananan yara kimiyya, ƴan shekara huɗu zuwa takwas. Na san abin da ke bakin wasunku: ina kayan aikin? Aji ya cika maƙil, wani ma rumfar zana ce, alli da ƙyar. Kukan gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma a ganina ɗan shekara shida bai kai ga buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ba tukuna. Abin da ya rasa shi ne babba da zai danƙa masa abu a hannu, ya yi masa tambaya, sannan ya iya kame bakinsa.

Mu fara da zoɓo, tunda na dala ashirin a kasuwar nan ta Wadata ya ishi aji guda. A jiƙa shi, a tace, a zuba a ƙananan kofuna masu nuna abin da ke ciki. A jera wa yara lemun tsami, da jiƙaƙƙiyar kanwa, da tsamiya, da ruwan toka, da gishiri, da sukari, da ɗan gutsuren sabulu. Wanda ya matsa lemun tsami zai ga jan ya ƙara haske. Wadda ta ɗiga kanwa za ta ga ruwan ya yi duhu, ya karkata zuwa kore-kore. Mai gishiri zai yi ta motsawa, shiru, har ya ɓata rai. Kada a tausaya masa a sauya masa kofi. Shi ma ya gano wani abu, cewa gishiri ba ya cikin masu juya launi. Can sai wani ɗan ƙiriniya ya matsa lemun tsami cikin kofin kanwa, ruwan ya yi kumfa, jan ya dawo. A nan ne ajin zai kaure.

To, ga inda muke tuntuɓe. Malam ya san dalili: launin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsamin abin da ya gamu da shi ko kaifin kanwarsa. Sai ya yi sauri ya rubuta a allo, yara su maimaita sau uku, a tashi. An kashe wasan ke nan. Da ya ce, "Me kuma za mu kawo gobe daga gida mu gwada? Wa zai faɗa mana launin da zai fito kafin mu zuba?" da washegari sun zo da nono, da daddawa, da abin da shi kansa bai taɓa gwadawa ba. Gwajin da malam ya riga ya san ƙarshensa yana da amfaninsa, amma kallo ne. Wanda yaro ya zaɓi abin da zai gwada, ya yi hasashe, hasashen ya faɗi, shi ne ke shiga jiki.

Mu Hausawa muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma yaro ya yi tambaya uku a jere, sai ka ji, "Kai, ka cika surutu." Ladabi abu ne mai kyau, kuma ba ni na zo rushe shi ba. Sai dai yaron da ya ce, "Inna, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?" bai yi rashin kunya ba. Kuma ba dole Inna ta san amsa ba. Ta ce masa ya taɓa jikin randar. Zai ji damshi. Ta ba shi gorar roba biyu, ya naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ya rataye su a inuwa, bayan la'asar ya ɗanɗana. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ne ya tafi da zafi. Shi ya sa randa ta fi aiki a bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe, ta kuma yi kasala da damina. Wannan dabarar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa ta Najeriya, ya ɗauka: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, tsumma a baki, tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex a kanta. Tukunya dai ta kakanninsa ce.

Wanda na fi so shi ne na inuwa, domin ko dala ba a kashewa. A kafa sanda a miƙe a filin lakwal, yara su riƙa sa tsakuwa a kan inuwarta da hantsi, da tsakar rana, da yamma. Su auna da taƙi ko da tafin ƙafa. Malamanmu na zaure sun daɗe da wannan aiki: a mazhabar Malikiyya, la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali. Kuma Allah ya ba Yamai abin da yaran Faransa ba za su taɓa gani a ƙasarsu ba. Sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana bi ta saman kanmu daidai, wajen ƙarfe ɗaya saura, inuwar sanda ta shige ƙarƙashinta. Agusta hutu ne, ga hadari, amma Afrilu yara suna aji. Kada a gaya musu tun da wuri. A bari su yi ta awo tun daga Janairu, su ga inuwar tsakar rana tana gajarta mako bayan mako, su da kansu su tambaya ina za ta tsaya.

Wani zai ce wannan salon Turawa ne. Gaskiya ne a Faransa, a 1996, Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, shi da abokansa biyu sun kafa shirin La main à la pâte don yaran firamare su riƙa gwaji da hannunsu. Amma shekara talatin da biyu kafin nan, a 1964, ɗan Tasawa, Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Shi ne ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da zafin rana a nan Yamai. Batun harshen nan ina so mu riƙe shi da kyau. Yaron ajin farko, wato CI, da bai fi wata uku da fara jin Faransanci ba, ba zai iya yin gardama da shi ba, kimiyya kuwa gardama ce. A bar shi ya yi musu da Hausa ko Zabarmanci, a ba shi kalmar Faransancin daga baya.

Ku lura kuma da yara masu ƙera motar kara da ta gwangwani, masu yanka tsohon silifa su yi taya. Tambayi yaron me ya sa motarsa take karkata hagu, ka ji bayani. Cibiyar masu sana'ar hannu tana nan kusa da mu, da maƙera da dukawa. A kai yara su tsaya su yi tambaya. Ƴan mata kuma, su ne suka fi kowa taɓa kanwa da tsamiya a madafa, amma idan an zo gwaji a aji sai a ba su wankin kofuna. Malamai, a gyara wannan.

Saura kashedi. Ban kawo gwajin wuta ko ɗaya ba, da gangan. Ba mu manta da gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta Afrilun 2021 ba, wadda ta cinye yara kusan 20 a azuzuwan zana. Ban da ashana, ban da kyandir, ban da gilashin tara hasken rana kusa da rumfa. Idan kuka sa garin ƙwayar zogale a jan ruwan kogi na damina don yara su ga laka ta kwanta, ku faɗa musu da babbar murya cewa ya yi garau amma ba a sha. Kofunan zoɓon ma a zubar da su bayan gwaji, a ajiye wani daban da sukari don sha, in ba haka ba wani zai kurɓi na sabulu.