Katin bashi da bashin waya: lissafin da ba a koya mana a jami'a ba

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau da sabbin masu digiri nake magana, ku da kuke shirin tafiya bautar ƙasa, da ku da kuka fara ɗan aiki albashi ya fara shigowa. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa a saƙonninku: banki ya turo min saƙo wai na cancanci katin bashi, in karɓa ko in bari? Wasu kuma ba banki ba ne, manhajar waya ce take yi musu tayin rance cikin minti biyar. To bari mu zauna mu yi lissafi, don wannan magana da lissafi ake gane ta.

Da farko mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Katin ATM ɗin da ke aljihunka, kuɗinka yake ciro maka. In asusu ya bushe, na'ura ta ce babu, ka juya ka koma gida. Katin bashi kuwa, wanda ake ce wa kiredit kad, kuɗin banki ne. Banki zai yanka maka iyaka, a ce naira 200,000, kana ta saye, ƙarshen wata a turo maka lissafi. In ka biya duka kafin ranar da aka sa, yawanci ba a ɗora maka kuɗin ruwa a kan sayayyar. In ba ka biya duka ba, nan ne labari yake canzawa.

A takardar lissafin za ka ga adadi biyu. Ɗaya shi ne duk abin da ake bin ka. Ɗayan ɗan ƙarami ne, mafi ƙarancin abin da za ka biya a bar ka ka sha iska. Wannan ƙaramin shi ne tarkon. Bari in ba ku misali, kuma misali ne kawai, kowane banki da nasa farashin. A ce ana bin ka naira 100,000, kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 a wata, kai kuma kana biyan naira 5,000 duk wata. A watan farko, 3,000 ta tafi a kuɗin ruwa, 2,000 ce kaɗai ta taɓa uwar bashin. In ka ci gaba a haka, ko da ba ka ƙara sayen ko tsinke da katin ba, sai ka yi wata 31 kafin ka fita, ka biya wajen naira 155,000. Shekara biyu da rabi ke nan. Wayar da ka saya da kuɗin ma ta fashe, kai kana nan kana biya.

Ku lura da kalmar nan "a wata". Kashi 3 a wata yana da daɗin ji, amma in aka bar shi yana hawa kan kansa, a shekara ya haura kashi 42. Duk wanda ya faɗa maka kuɗin ruwa, tambayarka ta farko ita ce: a wata ko a shekara? Sannan a yawancin katunan nan, in ka je ATM ka ciro tsabar kuɗi, babu wani sassauci, daga ranar kuɗin ruwa yake fara hawa, ga kuma cajin cirewa.

Na san da yawanku kuna kallon bidiyoyin 'yan Amurka a YouTube da TikTok, masu cewa ka yi maza ka karɓi kati don ka gina makin bashi. A can maganarsu tana da tushe. Akwai maki da ake ba mutum, daga 300 zuwa 850, kuma mai gidan haya ma yana iya dubawa kafin ya ba ka ɗaki. Amma mai gida a Kano ko Kaduna ba makinka yake tambaya ba, kuɗin shekara yake so a hannu, da wanda zai tsaya maka. Kada ka ɗauko shawarar da aka ɗinka wa wata ƙasa ka ce dole sai ta shige ka.

Mu a nan ma, katin bashi bai yaɗu ba, galibi sai mai asusun albashi ake ba. Katin bashin matashinmu na gaskiya yana cikin wayarsa, wato manhajojin rance. Kuma wallahi lissafinsu ya fi na katin muni. A ce ka karɓi naira 20,000, za ka mayar da 24,000 bayan kwana 30. Za ka ce ai 4,000 ce kawai. To kashi 20 ke nan a wata guda. In ka yi ta sabuntawa har shekara, ka biya 48,000 a kan bashin 20,000, kuma uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Abin da ya fi kashe mutane shi ne cin bashin manhaja ta biyu don a biya ta farko. Daga nan sai ta uku.

Sai kuma tozarci. Dukanmu mun taɓa samun saƙon nan daga baƙuwar lamba, wai wane ɗan damfara ne, ya ci bashi ya gudu. Me ya faru? Ranar da ya sauke manhajar, ya danna amincewa ta karanta duk lambobin wayarsa. Da ya makara, sai aka tura wa kawunsa, da malaminsa, da surukar da yake nema. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas a 2022, ta kuma wajabta musu rajista. A 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotunan mutane. To shi ya sa marasa gaskiyar suka koma turo mahaɗi ta WhatsApp, su ce ka sauke daga can. In ka ga haka, ka tsaya. FCCPC tana da jerin kamfanonin da ta amince da su a shafinta, duba sunan kafin ka danna komai. In kuma an riga an tozarta ki, 'yar'uwa, ki ɗauki hoton saƙonnin ki kai ƙara wurin hukumar. Bashin za ki biya, amma cin mutunci ba ya cikin yarjejeniya.

Akwai masu cewa ai sai in ci in canza layi. Malam, zamanin nan ya wuce. BVN ɗinka ɗaya ne. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya kawo tsarin da ake kira GSI: in ka ci bashin banki ka sa hannu a kan wannan sharaɗi, ka ƙi biya, ana iya kwashe kuɗin daga asusunka na wani bankin daban. Sannan akwai kamfanonin da aikinsu ajiye tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Bashin 15,000 da ka yi watsi da shi kana ɗan bautar ƙasa yana iya tare maka hanya ranar da kake neman jarin miliyan biyu. Doka ta ba ka damar neman rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka nema ka ga abin da aka rubuta a kanka.

Na san wasu tun ɗazu suna cewa, ai duk wannan riba ce, kuma haramun ce. Haka ne, ga Musulmi maganar ta wuce lissafi, kuma hukuncin kati da sharuɗɗansa a tambayi malamai. Abin da zan ƙara shi ne yanzu akwai zaɓi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duk bankuna ne marasa kuɗin ruwa. A tsarin murabaha, banki ne zai sayi kayan, a ce kwamfuta ko keken ɗinki, ya sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi, ka biya kaɗan-kaɗan. Farashin a tsaye yake tun ranar farko. Amma fa shi ma bashi ne, ƙarshen wata sai ka biya. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya, ka kwatanta da farashin kasuwa.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ban musa ba. Ni dai inda nake raba su shi ne: abin da za ka saya zai kawo kuɗin da zai biya kansa? Kwamfutar da za ka riƙa yi wa mutane zane da ita, wannan a zauna a yi lissafi. Anko, da sabuwar waya don a gan ka a sansani, da dinar abokinka, waɗannan ba su da hanyar dawo da ko sisi.

To me ke kai mutum ga manhajar tun farko? Yawanci ba almubazzaranci ba ne. Abu ne ya faɗo ranar 20 ga wata, zazzaɓi ko waya ta lalace ko tafiyar gaggawa, aljihu kuma wayam. Alawus ɗin bautar ƙasa ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025, mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne tun 2024. Kowa ya san kuɗin nan ba ya kai wata cikin walwala. Duk da haka, ranar da alat ya shigo, ranar za ka cire wani abu, ko 7,000 ce, ka tura wani asusu da ba ka da katinsa kuma ba ka sa manhajarsa a waya ba. In ka ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata, babu abin da zai rage. Wata goma, 70,000 ke nan. Ba za ta sa ka yi arziki ba, amma ita ce za ta tsaya tsakaninka da mai tura wa surukarka saƙo. Ka kuma tabbata inda kake ajiyar yana ƙarƙashin inshorar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna.

Yanzu ga inda ya fi wuya, kuma babu bidiyon Amurka da zai faɗa maka: gida. Ranar da aka ji ka fara ɗaukar albashi, ka zama babba. Ƙani yana son kuɗin jarrabawa, gwaggo tana da biki, abokai suna jiran a wanke. Kuma iyayen nan sun sha wahala a kanmu, yi musu wajibi ne, da daɗi ma. Shawarata, ka yanke adadin da za ka iya duk wata, ka kai wa Umma ko Baba da hannunka, ka faɗa musu gaskiyar abin da kake samu. Yawancin iyaye in sun san gaskiya su ne za su riƙa kare ka daga sauran masu buƙata. Matsalar tana farawa ne in ka bar mutane suna zaton kana ɗaukar ninki uku, sai ka koma cin bashi don ka riƙe sunan. Babu uwar da za ta so a ce da kuɗin manhaja aka yi mata cefane.

Adashi fa? Ina son adashi, yana tilasta maka tari kuma babu kuɗin ruwa. Sai dai ka san uwar adashin da mutanen da ke ciki, kuma ka tuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, mai kwasar ƙarshe a dogon adashi kuɗinsa sun rage daraja kafin su iso. Gajere ya fi. Masu cewa kawo dubu hamsin ka karɓi ɗari a wata kuwa, ba zan ɓata lokacinku ba. MMM ta rufe da kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025.

Ku da kuka karɓi rancen karatu na NELFUND, ku sa shi a lissafi tun yanzu. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma ba kyauta ba ne. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Don haka duk wani bashin da za ka ƙara, a kan wannan zai hau.

Mu koma ga mai tambayar kati. In albashinka bai tsaya da ƙafarsa ba, ko ba ka da ajiyar ko wata ɗaya, ka bar shi, saƙon zai sake zuwa. In kuma ka ga lallai kana buƙata, ka je reshen banki da kanka, ka ce a rubuta maka kuɗin ruwa na shekara, da cajin shekara na katin, da tarar makara. Ka nemi a rage iyakar zuwa abin da za ka iya biya gaba ɗaya daga albashin wata guda, don bankin zai so ya ba ka fiye da haka. Ka kuma sa a riƙa cire cikakken lissafin kai tsaye ranar albashi, ba ɗan ƙaramin adadin nan ba. In ma'aikacin ya fara kwana-kwana a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ka ce za ka je ka yi shawara, ka tashi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar fansho, da abin da ake cirewa a takardar albashinka ta farko. Ku turo tambayoyinku.