Kitsen Jini Da Sojojin Jiki: Jawabi A Taron Wata-wata

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa 'yan kasuwa.

Kusan kowa a nan ya san wani da aka ci kasuwa da shi lafiya lau, kashegari aka ce ɓarin jikinsa ya shanye. Mu ba likitoci ba ne, amma mun tambayi masana, ga abin da muka samo.

Akwai wani kitse a cikin jini da ake kira kolestarol. Hanta ce ke yin mafi yawansa, kuma jiki na bukatarsa, har a wajen haɗa ruwan matsarmama. To, amma idan mugun nau'insa, wato LDL, ya yi yawa, sai ya kutsa cikin bangon jijiya ya maƙale. Nan garkuwar jiki za ta ɗauke shi baƙo, ta turo sojojinta, wato fararen ƙwayoyin jini. Su yi ta haɗiyarsa har su cika, su mutu a wurin, wasu su biyo baya. Da haka wurin ke kumbura kamar maruru, hanyar jini ta ƙuntata. Ranar da ya fashe, jini ya yi guda ya toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Abin tsoron, jama'a, ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi. Siriri ma yana iya samunsa, don akwai na gado. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi, kuma ana so jimillarsa ta tsaya ƙasa da 200.

Mu dubi zamanmu a nan kurmi. Wuni muke zaune a rumfa, miya ta sha manja, ga tsire mai kitse da dare. Mu rage waɗannan, mu koma ga wake, gero, kuɓewa da kifi. Mu riƙa tattaki na minti 30 a rana. Mai shan taba ya daina, mai hawan jini ko ciwon suga ya ƙara kula. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji garau.

Mun baro gida neman abin rufin asiri, iyali na can na jiranmu. Kuɗin gwaji bai kai na jinya ba. Allah Ya ba mu lafiya.