Labarin Zuciya A Tambayi Jini



Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Likitocin zamani sun ƙara da cewa a tambayi jini, domin sau da yawa jini yakan riga fuska faɗin gaskiya. Makasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ake yin wannan tambaya game da gazawar zuciya, watau cutar da zuciya kan raunana har ta kasa tura jini gwargwadon bukatar jiki. Mai ita yakan yi haki, ƙafafunsa su kumbura, kwanciya rigingine ta gagare shi. To, amma ciwon huhu da na ƙoda su ma sukan kawo irin waɗannan alamu, shi ya sa ido kaɗai ba ya isa.

A 1981 wani masani a Kanada, de Bold, ya gano cewa zuciya tana fitar da sinadarin da ke sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. A 1988 kuma masana a Japan suka gano ɗan'uwansa, wanda ake kira BNP. Idan jini ya cunkushe a zuciya, bangonta ya miƙe fiye da kima, sai ta yawaita zuba wannan sinadari cikin jini, tare da wani gutsure nasa mai suna NT-proBNP. Gwargwadon wahalar zuciya, gwargwadon yawansa.

Amfanin awonsa iri biyu ne. Na farko, idan NT-proBNP bai kai pikogiram 125 cikin mililita ɗaya ba ga wanda ciwonsa bai taso gadan-gadan ba, da wuya a ce gazawar zuciya ce, sai a nemi dalili a wani wuri. Na biyu, wanda awonsa ya ƙi sauka duk da magani ya fi kusa da komawa gadon asibiti ko rasa ransa, don haka shi ya kamata a fi sa wa ido. Har ila yau ana auna turofonin, wanda ke nuna cewa tsokar zuciya tana lalacewa.

Sai dai awo yana da iyaka. Tsufa da ciwon ƙoda sukan ɗaga adadin, ƙiba kuwa takan sauke shi, har ta ɓoye cuta. Daɗin daɗawa, wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2017 ya nuna cewa daidaita magani bisa wannan adadi bai fi kyakkyawar kulawar likita ba.

Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa ƙwarai. A 1978 likitoci Davidson da Parry suka buga bincikensu na Zariya kan gazawar zuciyar masu jego, inda suka danganta ta da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gado mai wuta. Mai jego da ke haki, ana cewa gajiyar haihuwa ce, ita ce ta fi bukatar wannan awo, kafin a kai ga hoton zuciya.

A taƙaice, ilimin ya samu. Abin da ya rage shi ne awon ya isa asibitocin karkara a kuɗin da talaka zai iya biya. Wannan kuwa aikin masu tsara kasafin kuɗi ne, da ɗaliban da za su gaje su.